Bayan Ruwa Ya Janye

Jawabin da wani tsohon ɗalibi ya gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiya



Da farko ina godiya ga Allah da Ya nuna mana wannan rana, sa'an nan ina godiya ga kwamitin shirye-shirye da ya ba ni wannan dama. Lokacin da Sakatare ya kawo mini takardar gayyata na tambaye shi dalilin da ya sa aka zaɓe ni, alhali akwai injiniyoyi da likitoci a cikinmu. Sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai ruwan da ya dake ka shi ne ruwa." To, gaskiya ya faɗa. Ruwa ya ci gidanmu na gado a daminar 2020, kuma abin da zan faɗa yau, rabinsa na koye shi ne da ƙafata cikin taɓo, sauran kuwa daga bakin ma'aikatan lafiya da magina da masunta na ji shi bayan na riga na yi kuskuren.

Abin da na zo da shi guda ɗaya ne. Yawancinmu muna ɗauka cewa ranar da ruwa ya shigo gida ita ce ranar masifa, ranar da ya janye kuma an huta. A gidanmu ba haka abin ya kasance ba. Ranar da ruwa ya shigo ba mu rasa kome ba sai kaya. Bayan ya janye ne muka kusa rasa rai, har sau biyu.

INDA RUWAN KE FITOWA

Waɗanda muka yi aji ɗaya za su tuna malaminmu na Labarin Ƙasa, Allah Ya jiƙansa, yadda yakan zana kogin Kwara a allo kamar bakan maharbi, mu kuwa muna kwafa don cin jarrabawa kawai. Ashe taswirar rayuwarmu yake zana mana. Kogin ya taso ne daga duwatsun ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya bi iyakar Nijar da Benin, sa'an nan ya shigo Nijeriya ta nan Jihar Kebbi. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 4,180. Mu mutanen Ƙaramar Hukumar Bagudo, daga Lolo da Illo zuwa Tuga, muna cikin waɗanda ke fara karɓarsa a duk faɗin ƙasar nan.

Kwara kan cika sau biyu a shekara. Akwai cikar damina, daga Agusta zuwa Oktoba, mai ɗauke da laka, wadda ruwan saman da aka yi a ƙasashen da ke kusa da mu ke kawowa. Akwai kuma ta lokacin sanyi, wadda ruwan Gini ne da ya daɗe yana tafiya cikin fadamun Mali, ya iso nan a tace, a hankali. Ta damina ita ce mai ɓarna. Koguna irin su Sirba daga Burkina Faso suna zuba a cikinsa kafin Yamai. Daga Benin kuma Mekuru da Alibori da Sota suna zubowa, na ƙarshen nan daidai Malanbil, maƙwabtanmu. Ga kuma Gulbin Kebbi da ya kwaso ruwan Rima da na Zamfara ya kawo. Saboda haka ana iya yin mako guda ba a yi ko yayyafi a garinku ba, amma ruwa na ta hawa, domin ruwan wasu ƙasashe ne.

A watan Satumba na 2020, ma'aunin kogin a Yamai ya kai santimita 700, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara aunawa. Wannan ruwa bai da wata hanya sai ta ƙofarmu. Rahotannin lokacin sun ce gonakin shinkafa kimanin hekta 450,000 ruwa ya shafe a Jihar Kebbi. Kafin wannan mun ga ta 2010, lokacin da ruwan madatsar Goronyo ya yi ɓarna a Sakkwato da Kebbi. Mun ga ta 2012, wadda hukumar NEMA ta ce ta kashe mutum 363 ta kuma raba fiye da miliyan 2 da gidajensu a Nijeriya. Bayanta kuma ga ta 2022, wadda ta ci rayuka fiye da 600. Wanda duk ya lissafa waɗannan shekaru ya san ba baƙo muke magana a kai ba.

Amma ga abin lura. Ambaliyar kogi tana sallama kafin ta shigo. Ruwan da ya wuce Yamai sai ya yi kwanaki kafin ya iso Gaya da Malanbil, balle Lolo. Hukumar NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, NiMet kuma na fitar da na damina. Ko ba wannan, 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka, waɗanda muke auratayya da cin kasuwa da su, suna ganin ruwan kafin mu gan shi. Mu a gidanmu, wani kawunmu da ke zaune a Malanbil ya bugo waya tun da sauran lokaci ya ce mu kwashe. Ba mu kwashe ba.

DAREN DA RUWA YA SHIGO

Dalilin ƙin kwashewarmu shi ne mahaifiyata. Na je na durƙusa na ce, "Inna, ruwa na zuwa, mu koma tudu gidan Baffa kafin ya wuce." Ta dube ni ta ce, "Ba ni zuwa ko'ina. Nan ubanku ya aje ni, kuma na ga ruwan da ya hi wanga." Ni kuma kunya ta hana ni matsa mata. Kowa a wannan zaure yana da tsohuwa ko tsoho irin wannan, kuma kowa ya san nauyin abin. Shawarar da zan ba ku ita ce, kada ku bari sai ruwa ya taso ku fara wannan magana. Ku yi ta tun da bazara, hankali kwance, ku haɗa da wanda take jin nauyinsa, ko ƙaninta, ko limamin unguwa. A ƙarshe dai a kwale-kwale muka fitar da ita da tsakar dare, ruwa ya kai gwiwa a tsakar gida, tana rungume da jikarta.

Daga abin da na gani a daren nan, ga abubuwan da nake roƙonku ku riƙe. In akwai wutar lantarki a gidan, a kashe ta daga babbar sauya kafin ruwa ya kai ga soket, kuma kada mai tsaye cikin ruwa ya taɓa ta. A fara fitar da tsofaffi da yara da masu juna biyu da marasa lafiya, tare da magungunansu. A kwance dabbobi daga turke. Mun rasa awaki uku ba don ba su iya iyo ba, sai don suna ɗaure. Kada a raina ruwa mai gudu: wanda bai wuce idon sawu da kaɗan ba yana iya kayar da ƙato, wanda ya kai gwiwa kuwa yana iya jan ƙaramar mota. Sa'an nan kada gaggawa ta sa a cika jirgi fiye da ƙima. Ba mu manta da abin da ya faru kusa da Wara ta Ƙaramar Hukumar Ngaski a watan Mayu na 2021 ba, inda jirgi ya nutse da jama'a masu yawa. In mai jirgi ya ce ya isa, to ya isa, a jira sawu na biyu.

Dole kuma in yaba wa Sarkawa da sauran masuntanmu. Kafin wata hukuma ta iso, su ne suka kwana suna jigilar mutane, yawancinsu ba su karɓi ko sisi ba. Allah Ya saka musu da alheri.

BANGON DA YA SHA RUWA

Mun yi kusan mako uku a makarantar firamare da ke tudu. Da ruwa ya janye, kowa ya ƙagu ya koma gida, domin zaman aji da iyali talatin ba daɗi. Muka koma muka tarar ɗakunan suna tsaye, muka yi hamdala. Ƙanena ya share ɗakinsa, ya shimfiɗa tabarma, ya kwana ciki da matarsa da 'ya'ya biyu. A dare na uku, Allah Ya sa zafi ya kore su waje. Kafin asuba muka ji rugum. Bangon gabas ya zauna, azara da ƙasar rufi suka rufta daidai inda yaran ke kwanciya.

Wani tsohon magini ne ya yi mini bayani daga baya. Ya ce bangon ƙasa yana shan ruwa ne daga gindi, kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Ruwa na iya janyewa, fuskar bango ta bushe, amma cikinsa yana nan kamar tuwo, ga kuma nauyin soro a kansa. Don haka ɗakin da ya jure wa ruwa yana iya faɗuwa bayan ruwan ya tafi. Ya nuna mini alamun da ake dubawa: tsaga sabuwa, musamman a kusurwa da saman ƙofa, gindin bango da ya zaizaye ko ya kumbura, ƙofar da a da take rufuwa yanzu ta ƙi, da ƙasa mai zubowa daga rufi. Ya ce a soka tsinken ƙarfe a gindin bangon, in ya shige ba wuya, kada kowa ya kwana ciki. Gara a kafa rumfa a tsakar gida, nesa da katanga, a kwana cikin gidan sauro har sai magini ya duba.

Masu ginin bulo da siminti kada su ce abin bai shafe su ba. Ruwa na kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin harsashi, kuma da yawa daga cikin bulon da ake bugawa yashi ya fi siminti yawa. Kada a mayar da wuta sai mai gyaran wuta ya duba wayoyin. In za a tayar da janareta, a ajiye shi a fili, domin hayaƙinsa na kisa a ɗaki ba tare da an ji warin abin da ke kisan ba.

Wajen shara kuma a sa takalmin roba, a riƙe sanda da tocila. Ba mu kaɗai ruwa ya kora ba. Macizai da kunamu sun nemi tudu kamar yadda muka nema, kuma tudun nasu shi ne cikin jinka, da bayan randa, da ƙarƙashin buhuna. In tsautsayi ya sa maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibiti nan da nan. A kwashe laka tun tana ɗanya, domin in ta bushe sai da diga. A buɗe ƙofofi da tagogi, a fitar da kome rana. Katifar soso da ta kwana cikin ruwan ambaliya, haƙuri ya fi.

RIJIYA DA MASAI

Kuskurenmu na biyu ya fi na farko muni, kuma ni ne na yi shi, ni da na yi makaranta. Rijiyar gidanmu ta cika fal, bayan 'yan kwanaki ruwan ya kwanta ya yi garau. Muka jefa alif, muka ci gaba da sha. Ban tsaya na yi tunanin cewa ruwan da ya shiga rijiyar shi ne ya bi ta masai, ya bi ta turken dabbobi, ya bi ta juji ba. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta.

Kwana biyu tsakani, 'yar ƙanena mai shekara huɗu ta kama amai da gudawa. Kafin la'asar idanunta sun faɗa, in ka ja fatar cikinta sai ta tsaya ba ta koma ba. Hanya kuwa ta yanke, mota ba ta shigowa. Abin da ya cece ta, bayan ikon Allah, wata ma'aikaciyar lafiya ce da ke maƙwabtaka da mu. Ta tafasa ruwa lita ɗaya, ta bari ya huce, ta zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, ta zauna tana ba yarinyar da cokali, kaɗan-kaɗan, ko ta yi amai sai a ɗan dakata a ci gaba. Haka aka kwana, da safe muka ɗauke ta a babur zuwa asibiti aka ƙara mata ruwa. Yau tana firamare.

Ina roƙon kowa ya rubuta wannan awo ya kai gida. Wanda ya fi shi ma shi ne a sayi ƙullin gishiri da sukari na asibiti, da ƙwayar zinki ta yara, a ajiye tun kafin damina. Kwalara ba ta jira, tana iya kashe babban mutum cikin sa'o'i. A shekarar 2021 an samu waɗanda ake zaton sun kamu da ita fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki.

Ƙa'idar ita ce, duk rijiyar da ambaliya ta shiga, a ɗauka ta gurɓata. A kwashe ruwanta, a yashe lakar, a gyara bakinta, a nemi jami'in tsabta ya zuba mata sinadarin kulorin. Kafin nan, ruwan sha a tafasa shi sosai, ko a sa masa maganin tsabtace ruwa bisa awon da aka rubuta a jikin kwalbar, a zuba a abu mai murfi, a ware moɗa guda. A haƙa masai na wucin gadi nesa da rijiya kuma ta gangare. A wanke hannu da sabulu, in babu a yi da toka. Kududdufan da ruwa ya bari kuwa gidan sauro ne, shi ya sa zazzaɓi ke biyo bayan ambaliya da 'yan makonni, kuma yaran da ke wanka a ciki suna iya ɗaukar tsargiya.

RUMBU DA AKWATI

Yanzu sai dukiya. Rumbunmu ya jiƙe daga ƙasa. Abin da ke sama muka shanya ya tsira. Na ƙasan kuwa ya yi funfuna, Inna ta ce a wanke a niƙa, zubar da abinci ba kyau. Na fahimci zuciyarta, amma masara da gyaɗar da suka yi funfuna suna iya ɗauke da dafin da ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe shi. Ba wa dabbobi ma ba mafita ba ce, domin yana fitowa a nono. Abin da ruwan ambaliya ya taɓa kai tsaye, ko ya canza launi da wari, a binne shi.

Akwatin ƙarfen mahaifinmu kuma, wanda muka ɗauka ba abin da zai shige shi, mun buɗe mun tarar da ruwa a ciki. Takardun gona, da na haihuwa, da satifiket ɗina na wannan makaranta, duk sun manne. Na yi gaggawar ɓamɓare nawa, ya yage biyu. Daga baya na koyi cewa takardar da ta jiƙe ba a ɓamɓararta da ƙarfi, ba a kuma shanya ta a rana tsaka. A inuwa ake shimfiɗa ta inda iska ke kaɗawa, a bari ta sha iska, sa'an nan a raba a hankali. Ku ƙannenmu ɗalibai, ku sani neman madadin satifiket ɗin da ya ɓace na cin lokaci da kuɗi. Maganin abin mai sauƙi ne: leda biyu, a ɗaure, a rataye a sama, a ɗauki hoton kowace takarda da waya a aika wa wani ɗan'uwa da ke wani gari. Kafin a fara shara ma a ɗauki hoton ɓarnar, kuma a tabbata mai gida ya sa sunansa a rajistar da mai gari da jami'an agaji ke yi, domin wanda ba ya cikin takarda ba ya cikin rabo.

Sai dai in gaya muku gaskiya, kayan agaji, in sun iso, na 'yan kwanaki ne. Buhun shinkafa da tabarma da bargo ba su tayar da gida. A wannan tsakani ne talauci na gaske ke shiga. Mutum ya rasa amfanin damina, ga bashin taki, ga iyali, sai ya kai sa ko tunkiya kasuwa a lokacin da kowa ke kai nasa, ya sayar da arha. Wani ya jinginar da gona. Wani ya cire ɗansa daga makaranta, ya aurar da 'yarsa ba shiri. Ruwa ya yi wata guda, amma wannan ramin sai a yi shekaru ba a fita ba.

Abin da ya fitar da mu shi ne noman rani. Ruwan da ya ci gonar ya bar mata laka mai taki da danshi. Wani abokina, wanda muka kwana ɗaki ɗaya a wannan makaranta, yana kuma zaune a nan yanzu amma ya hana ni faɗin sunansa, ya aro mini injin ban-ruwa da kuɗin iri da mai, ya ce in biya bayan girbi. Ba don shi ba da mun sayar da shanun huɗa. A nan nake so manomanmu su san cewa tun 2017 aka fitar da irin shinkafa FARO 66 da FARO 67, waɗanda ke iya jure nutsewa cikin ruwa na kimanin mako biyu. Kakanninmu ma suna da shinkafar fadama mai bin ruwa tana tsawo yayin da yake hawa, wadda muka yi watsi da ita saboda ba ta kai ta zamani yawan amfani ba. Ya kamata mai gona a kwari ya yi tunani a kan irin da zai shuka, kada ya zuba duka a wuri guda.

A INA ZA A SAKE GINI?

Wannan ita ce tambayar da ta fi raba kan 'yan'uwa. Mu ma sai da muka yi zama uku. Wasu suka ce a koma tudu. Wasu suka ce gidan gado ne, ga kabarin kakanni, ga gona da kogi a kusa. Ba abin mamaki ba ne. Tsofaffin ƙasar Yawuri da Borgu har yau suna ba da labarin ƙaurar da aka yi musu lokacin gina madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968. Barin mazauni ba ƙaramin abu ba ne, kuma wanda ke zaune a Birnin Kebbi ko Abuja kada ya yi saurin cewa mutanen ƙauye taurin kai gare su. Manomi da masunci ba su iya nisa da abincinsu.

Matsayar da muka cimma ita ce: ɗakin Inna da rumbu da takardu suka koma fili a tudu, tsohon gida kuma aka gyara shi don zaman aiki. Kafin ruwan sama ya wanke alamar, mun je mun sa fenti a jikin tsamiyar ƙofar gida daidai inda ruwa ya tsaya. Da wannan alamar magini ya yi awo. Aka cika ƙasa, aka yi harsashi da dutse da siminti har ya haura alamar, sa'an nan aka ɗora tubali. Aka ɗaga bakin rijiya aka yi mata daɓe da murfi. Aikin kuwa da gayya aka yi shi, yau gidan wane, gobe gidan wane, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai kuma raunin da ba a gani. Inna ta yi watanni in hadari ya haɗu ba ta barci. Yaran kan firgita da dare. Ƙanena ya daina fita majalisa saboda nauyin bashi. Irin waɗannan ba buhun shinkafa suke bukata ba, ziyara suke bukata da mai sauraro. Zumunta a ƙafa take.

ROƘONA GA ƘUNGIYA

Shugaba, kafin in zauna ina da roƙo uku, kuma ina fata Sakatare zai sa su a cikin rahoton taro.

Na farko, a buɗe asusun ko-ta-kwana, dabam da kuɗin taron shekara. Kada a kashe shi wajen rabon kaya. A riƙa ba da rance marar ruwa na iri da mai da gyaran injin, a biya bayan girbin rani, a kuma ɗauki kuɗin jarrabawar duk ɗalibin makarantar nan da ambaliya ta ci gidansu, don kada ruwa ya ci karatunsa shi ma.

Na biyu, muna da mambobi a Lolo da Illo da Tsamiya da Ka'oje da Zagga da cikin garin Bagudo, muna kuma da dangi a Gaya da Malanbil. A naɗa mutum guda a kowane yanki wanda, daga Yuli zuwa Oktoba, zai riƙa karɓar labarin ruwa yana kai wa mai gari da limamai, a faɗa da Hausa da Dandanci da Fulatanci, yadda tsohuwa irin Inna za ta ji daga bakin wanda ta yarda da shi.

Na uku, likitocinmu da injiniyoyinmu da malaman gona su ba da rana ɗaya a shekara, kafin faɗuwar damina, su zo su koya wa ɗaliban manyan azuzuwa haɗa ruwan gishiri da sukari, da tsabtace rijiya, da duba bango. Kowane ɗalibi gida guda ne. Ni na bar makarantar nan na iya zana Kwara tun daga Gini har teku, amma ban san abin da zan yi da rijiyar gidanmu ba, kuma saura kaɗan yarinya ta biya kuɗin jahilcina.

Idan na faɗi abin da ya ɓata wa wani rai, a gafarce ni. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri, Ya ba mu damina mai albarka, Ya ɗaukaka wannan makaranta tamu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.